Kurakuran da aka fi yi wajen tsara magudanan ruwa a biranen gaɓar teku

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a zana magudana tun daga cikin gari, a manta da bakin da za ta zubar. A birnin gaɓa, ruwan sama ba shi da wurin zuwa sai teku, ita kuwa kullum ƙara tasowa take yi. Idan mamakon ruwa ya dace da lokacin cikar teku, bakin magudanar sai ya nutse, ruwa ya tsaya cik. Haka ta faru a Mumbai ta Indiya ranar 26 ga Yuli 2005, da aka tafka milimita 944 cikin awa 24. A Miami Beach ta Amurka kuwa, ko ba hadari, ruwan gishiri kan biyo bututu ya ɓullo a tsakiyar titi da rana tsaka. Don haka a fara lissafi daga bakin teku. A sa murfin da ke buɗewa waje kaɗai, a kafa injinan zuƙe ruwa, a kuma ɗora janaretansu a sama, domin sa'ar da aka fi bukatarsu ce wuta ke ɗaukewa.

Wani kuskuren kuma shi ne dogaro da tsohon lissafin ruwan sama. Duk digiri 1 na ƙarin zafi, iska na riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. A auna faɗin magudana da ruwan shekaru 50 masu zuwa.

Akwai wanda ake yawan kau da kai a kansa, ni kuwa shi ya fi damuna: ƙasar kanta tana lotsawa. Arewacin birnin Jakarta na Indonesiya na nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma magudanar da aka gina da gangara mai kyau tana iya wayar gari tana mayar da ruwa baya. A taƙaita rijiyoyin burtsatse, a riƙa sake auna tudu da kwari.

Kar kuma a malale ko'ina da siminti, ko a cike fadama a yi gini. Ruwa na son wurin jira. A Rotterdam ta ƙasar Holan, dandalin Benthemplein da aka buɗe a 2013 filin wasa ne idan gari ya bushe, in an yi ruwa ya koma tafki har magudanai su samu sarari.

Yasar magudana ma a sa kuɗinta tun cikin kasafin farko. Leda da yashi suna toshe kwalbati komai faɗinsa, shi ya sa kowane layi ke bukatar ramin shiga da ma'aikaci zai iya buɗewa ya kwashe laka kafin lokacin ruwa.