Yadda ake haɗa monita biyu ko uku a kwamfutar tebur

Kafin ka je kasuwa neman monita ta biyu, juya akwatin kwamfutar ka duba bayanta. Ramukan hoton da ke wurin su ne za su gaya maka monita nawa za ta ɗauka da irin wayar da za ka saya. VGA shi ne mai launin shuɗi da huji 15. DVI yawanci fari ne, ya fi shi faɗi. HDMI kowa ya san shi daga talabijin. DisplayPort kuwa ya yi kama da HDMI, sai dai kusurwa ɗaya kawai aka sare masa. Ƙa'idar ita ce kowace monita da raminta.

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake sayarwa a Kaduna na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sauke, irin Dell OptiPlex 7010 da HP EliteDesk 800 G1. Waɗannan biyun VGA ɗaya da DisplayPort biyu gare su, babu HDMI. Monitocin hannu kuma galibi VGA da DVI suke zuwa da su. Saboda haka sai an haɗa da adafta, kuma a nan kuɗin mutane ke salwanta.

Adafta tana da gaba da baya. Wadda aka yi don ta karɓi hoto daga DisplayPort ta kai wa HDMI ba za ta yi aiki a juye ba. Idan kwamfutarka HDMI ce, monitar kuma DisplayPort kaɗai gare ta, sai an nemi adafta ta musamman mai jan wuta daga USB, ta kuma fi tsada. Haka ta HDMI zuwa VGA, hanya ɗaya take bi, domin VGA tsohon tsari ne tun 1987 wanda sai an sauya masa siginar gaba ɗaya. In za ka shiga shagunan titin Ahmadu Bello ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ɗauki hoton bayan kwamfutar da na monitar a wayarka, ka faɗa wa mai shago wanne ne ke aika hoto, wanne ke karɓa. Kar ka yarda a ba ka sifilita, wato ƴar na'urar da ke raba rami ɗaya gida biyu. Hoto ɗaya take maimaitawa a allo biyu. Ta dace da gidan kallon ƙwallo, amma ba za ta ba ka Excel a hagu da burauza a dama ba.

Wani abin lura: idan akwai katin hoto na daban a ciki, wato ƙarin na'urar da ke fitar da hoto, za ka ga ramukansa a jere can nesa da inda na USB suka taru. A jikinsa za ka jona duka monitocin. Kwamfutoci da yawa suna kashe ramukan madabod, wato ramukan hoton da ke kusa da na USB, da zarar an sa kati, sai monita ta yi ta nuna No Signal alhali lafiyarta ƙalau. Wasu na da zaɓi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, sau da yawa mai suna Multi-Display ko iGPU Multi-Monitor, da ke kunna su tare. Akwai kuma tsofaffin katuna masu rami guda mai kama da DVI amma fil ɗinsa 59, ana ce masa DMS-59. Wayar DVI ba ta shigarsa, kar a tura da ƙarfi. Wayarsa mai reshe biyu ce, ita kam tana ba da hoto biyu daban.

Kashe kwamfutar, jona wayoyin, ɗaure sukurorin VGA, sannan ka kunna. A jikin kowace monita danna maɓallin Input ko Source ka zaɓi ramin da ka yi amfani da shi. Bayan Windows ta buɗe, danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi Extend, shi ne ke ba kowane allo nasa hoton. Duplicate maimaici ne kawai.

Daga nan shiga Settings, System, Display. Danna Identify, lamba za ta fito a kan kowane allo. Ja akwatunan su yi daidai da yadda monitocin ke zaune a tebur, in ba haka ba za ka tura maus dama ya ɓullo ta hagu. Daidaita gefensu na sama ko na ƙasa, don kada kibiyar ta riƙa maƙalewa a kan iyaka. Zaɓi allon da ke gabanka ka sa masa alamar Make this my main display. Kowane allo a bar shi a kan adadin Display resolution da aka rubuta wa Recommended, ko 1920x1080 ne ko 1366x768 ko 1280x1024, domin in aka tilasta masa wani rubutu zai yi dishi-dishi. In rubutun ɗaya ya fi ƙanƙanta, ɗaga masa Scale zuwa 125% shi kaɗai. Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama suna cilla taga zuwa ɗaya allon.

Masu aikin buga takardu su gwada juya monita ɗaya a tsaye su zaɓi Portrait, shafin A4 zai fito cikakke. Wannan na buƙatar ƙafa mai juyawa, ko hannun ƙarfe da ake ɗaurawa a hujin VESA guda 4 na bayanta, masu tazarar milimita 75 ko 100.

Idan monita ta ƙi fitowa, danna Detect a shafin Display, sannan ka musanya wayoyin biyu. In matsalar ta bi waya, an gano mai laifi. In Windows ta nuna Microsoft Basic Display Adapter a Device Manager, direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar hoton, ne babu, kuma allo na biyu ba zai yi aiki yadda ya kamata ba sai an sauko da na Intel, AMD ko Nvidia. Hoton VGA da ya koma ja ko shuɗi, fil ne ya lanƙwashe ko waya ta saki. In ya karkace gefe, maɓallin Auto zai gyara. Sauti ya ɓace bayan haɗa HDMI? Windows ce ta mayar da shi monitar, a dawo da shi sifika ta wurin alamar sauti. Monita 4K a kan HDMI 1.4 kuma ba za ta wuce 30Hz ba, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa, shi ya sa maus ke tafiya da nauyi, DisplayPort 1.2 ko HDMI 2.0 ke kai ta 60Hz.

Sai maganar wuta. Monitar LED mai inci 24 tana cin wat 20 zuwa 30, tsofaffin LCD masu kauri sun fi haka, UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mai 650VA kuwa abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Sa akwatin da babbar monita kaɗai a kanta, ta biyun ta tafi kan soket mai kariya daga hauhawar wuta. In an ɗauke wuta tagogin za su tattaru a allon da ya rage, ka samu lokacin adana aikinka. Layuka masu rawa a allon VGA lokacin da aka tada janareta alama ce ta rashin wayar ƙasa ko siririyar waya marar kariya. A raba wayar VGA da wayoyin wuta, ko a mayar da wannan monitar kan DisplayPort ko DVI.