Yadda Ake Mayar da Rubutaccen Umarni Zuwa Alamomi a Manhajar LibreOffice Writer

Duk wanda yake yini a gaban kwamfuta yana buga takardu, ko a ofis ne ko a shagon buga rubutu na bakin ƙofar makaranta, ya san cewa akwai wasu 'yan umarni da hannunsa ke komawa kansu a kai a kai, kuma da yawansu suna ɓoye ne a cikin jerin umarni mai hawa biyu ko uku. Maganin wannan wahala shi ne a fito da su fili a matsayin ƙananan alamomi, wato hotunan nan irin su almakashi da firinta da ake gani a jere a saman fuskar manhaja. Wannan bayani zai bi hanyar yin haka a LibreOffice Writer, manhajar rubutu ta kyauta wadda gidauniyar The Document Foundation take kula da ita tun 2010, lokacin da aka ɓalle daga OpenOffice.org. Ra'ayina tun daga farko shi ne alama tana da amfani ne ga umarnin da ake yawan taɓawa kuma hotonsa ya zama sananne, amma sauran umarni rubutu ya fi dacewa da su, kuma a kan wannan ma'auni ne matakan da ke tafe suka ginu.

Masu ƙera manhaja su kansu ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 tana cikin na farko da suka shiga kasuwa da alamomi a fuska, sannan Macintosh ta 1984 ta yaɗa su da zane-zanen Susan Kare. A 2009 masu kula da GNOME, wani tsarin fuskar kwamfutocin Linux, suka cire mafi yawan alamomin da ke gefen rubutu a jerin umarni cikin fitowa ta 2.28, saboda suna ganin cunkoso ne kawai, alhali kuwa a 2025 kamfanin Apple ya ƙara su a jerin umarnin macOS Tahoe. Tunda manya ba su daidaita ba, mai amfani da manhaja yana da damar tsara nasa wurin aiki daidai da bukatarsa.

Mataki na farko ba a kan kwamfuta ake yin sa ba. Ka ɗauki takarda da biro ka ajiye kusa da kai, kuma duk lokacin da ka buɗe jerin umarni domin neman wani abu a cikin aikinka na yau da kullum, ka rubuta sunan abin. Bayan 'yan kwanaki za ka ga cewa sunaye kaɗan ne suke ta maimaituwa, misali fitar da takarda a tsarin PDF, ƙidayar kalmomi, saka lambar shafi, raba shafi, da saka harafi na musamman. Waɗannan su ne suka cancanci alama, kamar yadda mai shago yake ajiye kayan da aka fi tambaya a inda hannunsa zai kai ba tare da ya miƙe ba. Umarnin da kake nema sau ɗaya a wata kuwa, ka bar shi a inda yake, domin kafin ka sake bukatarsa ka riga ka manta kamannin hotonsa, sai ka koma kana ɗora linzamin kwamfuta, wato mouse, a kan alamomi ɗaya bayan ɗaya kana jiran sunansu ya fito, abin da ya fi karanta jerin cin lokaci.

Mataki na biyu shi ne kunna alamomin da ke gefen rubutu a cikin jerin umarnin kansa. Ka danna Tools, sannan Options, ko ka latsa Alt da F12 tare. A kwamfutar Mac ana samun wannan taga ce a ƙarƙashin Preferences. A ɓangaren hagu ka zaɓi LibreOffice, sannan View, inda a wasu fitowar manhajar akwai wurin da aka rubuta Menu icons da zaɓi uku: Automatic, Hide da Show. Ka zaɓi Show. LibreOffice ba ta ba da damar goge rubutun jerin umarni a bar hoto zalla, kuma ina ganin daidai ta yi, domin jerin ne makarantar da ido ke koyon alamomi. Idan ka yi ta ganin hoto a gefen sunansa, kwakwalwarka za ta haɗa su ba tare da ka yi niyyar haddacewa ba, har ranar da za ka ga hoton shi kaɗai ka gane shi nan take.

A cikin tagar Options ɗin ne kuma ake zaɓen salon zanen alamomi da girmansu, ko da yake sababbin fitowa sun mayar da zaɓen salon zuwa sashen Appearance. Akwai Colibre, wanda aka saba gani a Windows, da Breeze da Elementary da Karasa Jaga da Sukapura, sai kuma Sifr wanda launi ɗaya ne. Launi yana taimaka wa ido wajen bambance alamomi masu kama da juna, don haka wanda ya rage rubutu ya fi bukatar salo mai launi. Idan fuskar kwamfutarka ƙarama ce mai cike da ɗigo, ko idonka ya fara gajiya da ƙananan abubuwa, ka ɗaga girman zuwa Large, domin zanen da bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba yakan zama tabo kawai a irin wannan fuska.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin aikin, wato gina layin alamominka na kanka. Ka danna Tools, sannan Customize, ka shiga sashen Toolbars. Za ka ga jeri biyu: na hagu yana ɗauke da dukkan umarnin da manhajar take da su tare da wurin bincike a samansa, na dama kuma yana nuna abin da ke kan layin da aka zaɓa. Kafin komai ka duba wurin da aka rubuta Scope. Idan ka bar shi a kan LibreOffice Writer, layin zai fito a kowace takarda da ka buɗe a wannan kwamfuta. Idan kuma ka zaɓi sunan takardar da kake aiki a kanta, layin zai zauna a cikin wannan takarda kaɗai, ya bi ta duk inda aka kai ta. Daga nan ka danna ɗan hoton gargare mai haƙora da ke gefen Target, ka zaɓi Add, ka ba sabon layin suna da Hausa idan ka so, misali Kayan Aikina. Gina sabon layi ya fi cusa alamomi a cikin layukan asali, saboda idan tsarin bai yi maka ba, sai ka goge naka ba tare da ka taɓa na manhajar ba.

Yanzu ka ɗauko takardar da ka rubuta a mataki na farko. Ka buga sunan kowane umarni a wurin bincike, ka zaɓe shi, ka danna kibiyar da ke kallon dama domin ya shiga layinka, sannan ka yi amfani da kibiyoyin sama da ƙasa wajen jera su. A nan ne ake bukatar natsuwa. Ka haɗa masu dangantaka wuri ɗaya, na saka abu a shafi a gefe guda, na fitarwa da bugawa a wani gefen, ka raba tsakaninsu da ɗan layin da ake samu ta hanyar danna Insert sannan Separator. Hannu yana haddace wurin alama fiye da yadda ido yake haddace zanenta, don haka da zarar ka gama jerawa kada ka riƙa sauya musu wuri. Kada kuma ka ajiye umarni mai haɗari kusa da wanda kake dannawa kullum. Manhajar tana da alamar da ke aika takarda kai tsaye zuwa firinta ba tare da ta tambaye ka komai ba, kuma kuskuren dannawa ɗaya a kanta yana iya cinye takarda da tawada masu yawa idan kundin ɗalibi ne mai shafuka ɗari a buɗe.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen yadda layin zai bayyana. Ka koma ga hoton gargaren nan, za ka tarar da zaɓi uku: Icon and text, Icon only, da Text only. Shawarata ita ce ka fara da na farko, wato hoto tare da rubutu, ka yi aiki da shi har sai ka lura cewa ka daina karanta sunayen, sannan ka koma hoto zalla domin samun fili. Babu alamar da ake haihuwar mutum da saninta. Hoton ajiye aiki a manhajoji da yawa har yanzu tsohon faifan nan ne mai inci 3.5 wanda yake ɗaukar megabait 1.44, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011. Matashin da bai taɓa riƙe shi ba ya san ma'anar hoton ne kawai domin an koya masa. Idan kwamfutar ta mutane da yawa ce, kamar ta ɗakin koyar da sababbin ɗalibai, to barin rubutun ya fi alheri.

Wani umarnin ba shi da hoto, wani kuma hotonsa bai gamsar ba. Ka zaɓe shi a jerin dama, ka danna Modify, sannan Change Icon, ka zaɓa daga cikin waɗanda ke akwai ko ka danna Import ka shigo da naka hoton na PNG. Ka kiyaye kada hoto ɗaya ya tsaya wa umarni biyu, kuma kada ka ari sanannen hoto kamar almakashi ka ba wa wani aikin da ba yanka ba. Ka kula da sunan maɓallin ma ta hanyar Rename ko da ba ya fitowa a fili, domin shi ne yake bayyana idan an ɗora linzami, kuma da sunayen maɓallai ne manhajojin karanta fuska irin su NVDA da Orca suke sanar da makaho inda yake. Maɓalli marar suna mai ma'ana rufaffiyar ƙofa ce ga wanda ba ya gani.

Ga mai rubutu da Hausa, wannan hanya tana warware wata tsohuwar matsala, ta haruffa masu ƙugiya. Ka shiga Options, sashen Advanced, ka kunna Enable macro recording, wato damar naɗar matakan da ka bi domin manhajar ta maimaita su da dannawa ɗaya, abin da ake kira macro. Sannan ka danna Tools, Macros, Record Macro, ka saka harafin ƙ ta hanyar Insert da Special Character, ka danna Stop Recording ka ajiye da wani suna. A tagar Customize za ka same shi a rukunin Macros, sai ka kai shi layinka, ka maimaita haka ga ɓ da ɗ da manyansu, da kuma ƴ ga masu bin ƙa'idar rubutu ta Nijar. A nan ba ka bukatar zana komai, domin idan ka sauya sunan maɓallin zuwa harafin kansa, harafin ya isa alama, kuma babu hoton da zai fi shi bayyana. Wanda ya fi son allon madannai yana iya buga lambar harafin, 0199 ga ƙ, 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, sannan ya latsa Alt da X.

Mai amfani da Microsoft Word yana da makamancin wannan a File, Options, Quick Access Toolbar, inda ake ɗauko umarni daga hagu zuwa dama, kuma kowace alama a layin tana samun lamba, ta yadda Alt da 1 zai kira ta farko.

Idan ka gama, ka danna linzami na dama a kan sabon layin ka zaɓi Lock Toolbar Position domin kada a ja shi bisa kuskure. Sannan ka kira wani abokin aiki wanda bai ga lokacin da kake tsarawa ba, ka nemi ya faɗa maka aikin kowace alama ba tare da ya ɗora linzami ba. Duk wadda ya kasa ganewa, ko ka sauya hotonta ko ka mayar wa layin rubutunsa. Tsarin da ka yi yana ajiye ne a cikin babban fayil mai suna user, wanda a Windows yake ƙarƙashin AppData, Roaming, LibreOffice, 4. Ka rufe manhajar ka kwafe shi zuwa filashi, domin ranar da aka sake ɗora wa kwamfutar Windows ko ka koma wata sabuwa, mayar da wannan fayil wurinsa zai dawo maka da layinka da haruffanka yadda ka bar su.