Idan firgici ya taso maka kana tuƙi

'Yan uwa, ni ma ya taɓa kama ni a hanyar Kano zuwa Zariya. Gabana na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi har sitiyari na sulɓewa.

Kada ka taka burki a tsakiyar titi. Kunna sigina, ka gangara gefe a hankali, ka sauke gilashi. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka fesar ta baki kana ƙirga 6, kada ka yi gaggawar fesarwar. Yawanci cikin minti 10 firgicin yake kai maƙura, sannan ya fara lafawa.

Ni dai tun da na rage goro da kofi kafin tafiya na ga sauƙi. In abin ya maimaitu, je asibiti a duba zuciyarka tukuna.