Yadda Ake Haɗa Baje-kolin Dodannin Almara a Gidan Tarihi

Ba wanda ya taɓa kama Yeti ko Bigfoot, dodannin nan masu kama da ƙaton biri da ake cewa suna tsaunukan Himalaya da dazuzzukan Arewacin Amurka, ya ɗaure, saboda haka duk abin da za ka ajiye a gidan tarihi game da su kwafi ne. Aikinka shi ne sanin abin da ya cancanci a kwafa.

Kafin ka sayi ko allura, raba halittun gida uku. Na farko na waɗanda aka gano damfara ce. Na biyu na waɗanda har yau sai dai a ji a bakin mutane. Na uku na dabbobin da a ƙarshe suka bayyana da gaske, kamar okapi na dajin Kwango da masana suka tabbatar a 1901, da kifin silakant da aka ɗauka ya ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce, sai ga shi an kama a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938. Kada ka bar gida na uku, shi ke nuna wa mai kallo dalilin da ya sa masu neman dodanni ba su daddara ba.

Sai zaɓen kaya, kuma nan ne yawancin masu tarawa ke ɓata kuɗinsu. Sukan sayi ƙaton mutum-mutumi mai gashi buzu-buzu, alhali ba kowa ya ga siffar ba sai mai sassaƙar a cikin kansa. Ni dai gara ka kwafi shaidar da aka kawo. A 1958 aka zuba filasta, wato farin garin da ake kwaɓawa ya daskare, a wani ƙaton sawu a Bluff Creek da ke Kalifoniya, daga nan sunan Bigfoot ya bazu. A 2002 iyalan wani mutum mai suna Ray Wallace suka fito da ƙafafun katako, suka ce da su mahaifinsu ya riƙa taka sawu. Ajiye kwafin sawun da kwafin katakon gefe da gefe, ba sai ka yi dogon bayani ba. Haka dodon tafkin Loch Ness na Sukotland: shahararren hotonsa na 1934, mai nuna wuya da kai sun leƙo daga ruwa, a 1994 aka fallasa cewa jirgin wasan yara ne mai nutso aka ɗora wa wuya da kai. Ƙera irinsa, ka ajiye a ƙarƙashin hoton. Mutum zai ga dodon da ya ruɗi duniya shekara 60 ana iya ɗaukarsa da hannu.

Idan saye za ka yi, tambayi mai sayarwa daga ina aka ɗauko kwafin. Wanda aka kwafa daga kwafi yakan rasa ƙananan zane-zane, yatsu su yi sumul kamar sabulun da ya sha wanka.

Idan kuwa da kanka za ka yi, gina siffar da yumɓu, ka lulluɓe ta da silikon don samun mazubi. Ƙananan kaya filasta ta ishe su, manya sai fibagilas saboda rashin nauyi. Wajen kwaɓa filasta, garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari. Bayan ka zuba a mazubi, bubbuga gefensa kumfa ta taso, in ba haka ba ka tarar da ramuka a fuskar aikin. Kada ka shafa fenti sai ta bushe ƙarƙar.

Kada ka taɓa fata ko ƙashin dabbar gaske. 'Yar ruwan da mai nune-nunen abubuwan al'ajabi P.T. Barnum ya nuna a Amurka a 1842 gangar jikin biri ce aka ɗinka da wutsiyar kifi. Roba za ta ba ka irinta, ba tare da ka faɗa hannun dokar CITES mai kula da cinikin namun daji ba.

Daga nan sai akwatin gilashi, nesa da rana da danshi, da ɗan ma'auni a gefe don a ga ainihin girma. A jikin takardar bayani rubuta inda aka samo asalin abin, da shekara, da abin da bincike ya gano. Ga fatar kan Yeti ta wurin ibadar Khumjung a Nepal, misali, ka ce mai hawan tsaunuka Edmund Hillary ya kai ta gwaji a 1960, aka gano fatar wata dabba ce mai kama da akuyar dutse. Sannan ka juya kowane abu, ka rubuta "kwafi" da ranar da aka yi shi a ƙarƙashinsa, domin takarda kan ɓata, kayan kuma su canza hannu.