Yadda za ka haƙi rawaya ba tare da ka kashe ta ba

A dazukan Zuru da Yawuri, bayan wutar daji ta wuce da rani, furen wata tsirar daji da ake kira rawaya kan fito daf da ƙasa, babu ganye ko ɗaya. Saiwarta ake shanyawa a daka ta zama garin kwata na miya, ana kuma magani da ita. Masu haƙa sun yawaita, gonaki na cin daji, shi ya sa rawaya ta fara nisa da gari.

1. Kada ka taɓa wadda ke fure. Kafa tsinke kusa da ita, ka dawo bayan 'ya'yanta sun bushe.

2. Tsinki ƙwansunan da suka fara tsagewa. A ciki akwai iri lulluɓe da gashi kamar auduga. Murje shi, ka shanya a inuwa, ka adana a ƙwarya ko takarda. Leda tana tara gumi, irin ya ruɓe.

3. Haƙa ta gefe ɗaya kawai. Nan mutane ke ɓarna: su tumɓuke gindin gaba ɗaya, wai don kada wani ya riga su. Yanki abin da zai ishe ka da wuƙa mai kaifi, ka bar kan saiwar da mafi yawanta a ƙasa, daga nan take sake tohowa.

4. Mayar da ƙasa, ka danne da ƙafa.

5. Da ruwan damina ya zauna, jiƙa irin ya kwana, ka shuka a iyakar gona inda garma ba ta kaiwa. Kewaye shi da ƙaya saboda awaki.