Kurakuran da ke hana sababbin mawaƙanmu kaiwa ga lambar yabo

Duk shekarar da aka fitar da sunayen 'yan takarar Headies, gasar lambar yabo ta mawaƙan Najeriya, sai ka ji yaran situdiyo a Titin Gidan Zoo, Kano, suna ƙorafin an manta da Arewa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ban musa ba. Amma ni da aikina haɗa sauti ne, na ga yara da yawa sun toshe wa kansu hanya tun alƙalai ba su ji muryarsu ba. Kambun Headies na Next Rated, wato na mawaƙi mai tasowa, wanda ake haɗawa da mota, Wizkid ya ɗauka a 2011, Davido a 2012, Rema a 2019, Asake a 2023. Ba wanda ya kai can da waƙar da ba a san mai ita ko ranar fitarta ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne karɓar kiɗa babu takarda. Akwai yaron da na raina a situdiyo, Allah Ya hore masa murya. Wani abokinsa ya buga masa kiɗa, aka ce ai zumunci ne, ba maganar kuɗi. Ni ma na yi shiru, kuma shirun nan ya cuce mu. Waƙa ta shiga gari, gidajen biki da 'yan adaidaita sahu duk ita suke sawa. Muna cikin haɗa takardun shiga wata gasa, sai mai kiɗan ya kai ƙorafin haƙƙin mallaka, aka sauke waƙar daga intanet. Kafin manya su shiga tsakani a sasanta, an rufe karɓa. Kuɗin bidiyon da na ranto sai da na shekara ina biya, yaron kuma har yau bai dawo daidai ba.

Don haka ƙanena, ka ji ni da kyau. Kunyar neman sa hannu ba tarbiyya ba ce, sakaci ne. Ko a Alƙur'ani an ce a rubuta bashi, to kai wane ne da za ka dogara da "ai mun yarda da juna"? Ni yanzu ba na taɓa makirfo sai an rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi kiɗa, wa ta yi amshi, da kason kowa. Mai amshin nan da kuke sallama da kuɗin mota, ita ma sunanta ya shiga.

Na biyu, sakin waƙa ta hannun masu turi (masu tura wa mutane waƙa a waya) a bakin kasuwa da zaurukan WhatsApp. E, tana yaɗuwa, amma masu gasa wa'adi suke sawa, daga wata kaza zuwa wata kaza, kuma hujja suke nema. Waƙar da ta yi wata takwas tana yawo a memori, da me za ka nuna ranar fitarta? Fara ɗora ta a Audiomack ko Boomplay ko YouTube da sunanka, sannan ka kai wa masu turi. Wasu abokan aikina na ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni dai haka nake yi.

Sauran ƙanana ne. Ka tsayar da suna ɗaya, rubutu ɗaya, a kowane shafi. Kar ka sayi masu kallo na bogi, ana ganewa. Waƙa ɗaya ba ta isa a kira ka mai tasowa, ka jera ko uku cikin shekara. In aikinka a Kano ne, ka daidaita rajistarka da Hukumar Tace Fina-finai.

Sai kuma baki. A 2022 masu Headies sun cire mawaƙi Portable daga takara saboda barazanar da ya yi wa abokan takararsa a bidiyo. Yaran da ke hannuna, da zarar sunansu ya fito a wata gasa, sai na ga abin da za su wallafa kafin ya fita, har a gama zaɓe.