Yadda za ka bi sawun rayuwar Lloyd George ba tare da ka ɓata a hanya ba

Karo na farko da na zauna rubuta taƙaitaccen tarihin David Lloyd George, tsohon firaministan Birtaniya, a layin farko na yi tuntuɓe. Na rubuta cewa a Wales aka haife shi. Ashe a Manchester ne, cikin Ingila, ranar 17 ga Janairun 1863. Sai bayan rasuwar mahaifinsa a 1864 mahaifiyarsa ta koma da 'ya'yanta ƙauyen Llanystumdwy da ke Wales, gidan ɗan'uwanta Richard Lloyd, mai ɗinkin takalma kuma mai wa'azi a coci. Don haka abu na farko, ka tantance shekaru da wurare kafin ka ɗora komai a kai. Mutumin da ya shekara 55 a majalisa, daga 1890 zuwa 1945, yana wakiltar mazaɓa ɗaya ta Caernarfon, labarinsa ya yi yawan da zai rikita ka idan ba ka ja layi ba.

Ni dai takarda nake ɗauka in raba ta gida uku: lauya, ɗan majalisa, minista. Yawancin masu rubutu gida na uku suke rugawa, domin can ne ya zama firaminista daga Disambar 1916 zuwa Oktoban 1922. Ka daure ka daɗe a gida na farko.

Ya koyi aikin lauya a wani ofishi a Porthmadog, ya ci jarrabawa a 1884, ya buɗe nasa ofishin a Criccieth. Shari'ar da za ka tsaya a kanta ita ce ta Llanfrothen a 1888. Wani mai fasa dutse ya rasu, ya bar wasiyyar a binne shi kusa da 'yarsa a maƙabartar cocin Angalika, alhali shi ba ɗan wannan ɗarika ba ne. Limamin cocin ya sa aka kulle ƙofa, duk da dokar 1880 ta ba irin waɗannan mutane damar binne nasu da addu'o'in ɗarikarsu. Matashin lauya ya ce wa dangin mamacin su ɓalle ƙofar su yi jana'izarsu. Aka kai su ƙara, alƙalin ƙaramar kotu ya ba coci gaskiya, shi kuwa ya ɗaukaka ƙara har Landan ya yi nasara. Karanta wannan shari'a a tsanake, za ka gane me ya sa bayan shekara biyu ya ci zaɓe, ko da yake da ratar ƙuri'a 18 kacal.

Daga nan ka tambayi kanka, wa ke ciyar da shi? A lokacin ba a biyan 'yan majalisar Birtaniya albashi. Ƙanensa William George ne ya riƙe ofishin lauyan, yana aika masa kuɗi Landan. Albashin fam 400 a shekara sai a 1911 aka fara biya, kuma shi kansa ne ministan kuɗi a lokacin. Wannan tambaya ta kuɗi nake yi wa kowane ɗan siyasar da na ɗauki alƙalami a kansa.

Wajen neman hujja, wurare uku sun ishe ka farawa, duka a intanet. Hansard, kundin muhawarar majalisa, zai ba ka kalamansa da bakinsa; nemi muhawarar kasafin kuɗin da ya gabatar a 1909, wanda Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi, rigimar da ta kai ga rage mata iko a 1911. Babban ɗakin karatu na ƙasar Wales da ke Aberystwyth ya sa tsofaffin jaridun yankin har zuwa 1919 kyauta, wasu da Turanci wasu da harshen Wales, wanda shi ne harshensa na farko. Sai ƙamus ɗin tarihin mutanen Wales, shi ma a shafin intanet yake. Littattafan da ya rubuta da kansa kan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa, ka bar su sai ƙarshe, kuma ka tuna lauya ne ke kare kansa.

Kada ka wanke shi tas. Ka sa inshorar lafiyar ma'aikata ta 1911, da adawarsa da yaƙin Boer da Birtaniya ta yi a Afirka ta Kudu, wadda ta sa ya tsere daga wani taro a Birmingham a 1901 sanye da kayan ɗan sanda. Amma ka sa har da badaƙalar hannun jarin kamfanin sadarwa na Marconi da ya saya yana minista, da sayar da lambobin girma a 1922, da ziyarar da ya kai wa Hitler a 1936 ya dawo yana yabonsa.

Shekaru 22 da ya yi bayan barin mulki ma ka ba su ko da sakin layi ɗaya. Bai sake riƙe muƙamin minista ba. Ya rasu ranar 26 ga Maris 1945, aka binne shi a bakin kogin Dwyfor, ɗan taku kaɗan daga gidan kawunsa mai ɗinkin takalma.